Ƙasar da ke sayar da ranakun kamun kifi, da darasin da ke ciki ga ruwayen Kazaure

  Waɗanda datarsu ba ta kai su saurari sautin ba, ga rubutaccen shirin wannan makon kamar yadda muka saba.

Yau maganar kifi za mu yi. Na san wani zai ce, ana fama da tsadar rayuwa da rashin aikin yi, kai kuma kifi ka gani? Ka yi haƙuri ka biyo ni, maganar kuɗi ce. Akwai ƙasa sukutum a duniyar nan wadda albashin malamanta da maganin asibitocinta, mafi yawansu daga kuɗin lasisin kamun kifi suke fitowa. Za mu je can mu ga yadda suke yi, sannan mu dawo gida, bakin dam a Kazaure, mu ga abin da ya shafe mu.

Sunan ƙasar Kiribati, mutanenta kuma "Kiribas" suke furtawa. Tana tsakiyar Tekun Fasifik, tsibirai 33 ne a warwatse, babban birninta Tarawa. Idan ka haɗa faɗin ƙasar da ake iya takawa da ƙafa, murabba'in kilomita 811 ne kacal. Ƙaramar Hukumar Babura ita kaɗai ta fi ta faɗi. Mutanenta a ƙidayar 2020 kimanin dubu 120 ne, wato ba su kai mutanen Ƙaramar Hukumar Kazaure a ƙidayar 2006 ba. Ƙasar rairayi ce, noma ba ya yi sosai, ba su da man fetur, ba su da manyan masana'antu.

To me suke da shi? Ruwa. A 1982 aka sa hannu a kan dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta ce duk ƙasar da ke bakin teku ita ke da ikon arzikin da ke cikin ruwa har nisan mil 200 daga gaɓarta. Da yake tsibiran Kiribati sun yi nisa da juna, kowane rukuni ya ja nasa mil 200 ɗin, sai ƙasar ta tashi da teku mai faɗin murabba'in kilomita sama da miliyan uku. Ku kwatanta: Najeriya gaba ɗayanta ba ta cika miliyan ɗaya ba. A cikin wannan ruwa kuma akwai kifin tuna, wanda kuke gani a gwangwani a manyan kantuna.

Su mutanen Kiribati ba su da isassun manyan jiragen da za su kwashe wannan kifi. Jiragen na Japan ne, da Koriya ta Kudu, da Taiwan, da Sin, da Amurka. Jirage ne masu ƙaton taru, su zagaye tarin kifi, su tsuke bakin tarun daga ƙasa kamar jaka, su ɗago. Saboda haka abin da Kiribati ke sayarwa izini ne: ka biya, ka shigo ruwana ka yi su.

Shekaru da yawa wannan ciniki bai yi musu daɗi ba. Abin da ƙasashen tsibiran ke samu bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na darajar kifin da aka kama ba. Dalili? Kowace ƙasa ita kaɗai take ciniki. Mai jirgi zai je Kiribati ya ce kun yi tsada, zan koma Tuvalu. Ya je Tuvalu ya ce Nauru ta fi ku araha. Duk wanda ya taɓa kai tumatir kasuwa ranar da kowa ya kawo, ya san yadda dillali yake yi da manomi. Haka aka riƙa yi da su.

Sai ƙasashe takwas suka haɗa kai a ƙarƙashin abin da ake kira Yarjejeniyar Nauru: Kiribati, Tuvalu, Nauru, Palau, Tsibiran Marshall, Tsibiran Solomon, Mikroneshiya da Papua Niyu Gini. Tun 1982 yarjejeniyar take, amma a ƙarshen 2007 ne suka fito da dabarar da ta sauya lissafi. Suka ce daga yanzu rana za mu riƙa sayarwa. Za a zauna da masana a duba yawan kifin da ke cikin ruwa, a yanke adadin ranakun da za a yi su a shekara ba tare da an ƙarar da iri ba, a raba ranakun tsakanin ƙasashen, kowace ta sayar da nata. Sannan suka yanke farashin da ba wanda zai sayar ƙasa da shi. A 2012 dala 5,000 ne kowace rana ga jirgi ɗaya. A 2015 ya koma dala 8,000. In ka buga a canjin naira 1,500, naira miliyan 12 ke nan, jirgi ɗaya, rana ɗaya, ya kama kifi ko bai kama ba.

Sakamakon fa? Kuɗin da ƙasashen ke samu a haɗe ya tashi daga kimanin dala miliyan 60 a 2010 zuwa kusan dala miliyan 500 a shekara kafin a cika shekara goma. A Kiribati, tsakanin 2015 da 2018, kimanin kashi 70 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati, ban da tallafin ƙasashen waje, daga nan ya fito. A Tuvalu ya haura rabi.

Kar ku ɗauka takarda kawai suka rubuta suka koma gida suka kwanta. Kowane jirgi sai ya ɗauki na'urar da tauraron ɗan Adam ke bibiya, a san inda yake da ranakun da ya ci. Kowane jirgin taru sai ya ɗauki mai sa ido, yana rubuta abin da aka kama. Kuma sun nuna da gaske suke. A farkon 2016 jiragen Amurka suka kasa biyan kuɗin da aka yi alkawari, sai ƙasashen tsibiran suka ƙi ba su lasisi. Jiragen Amurka fa! Haka suka zauna a tashar ruwa har aka sasanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu takwas sun ɗauka.

Yanzu bari mu juya ɗaya gefen, don ba na so mu tashi da tunanin cewa aljannar duniya ce. Ƙasar da kashi 70 na kuɗinta ke fitowa daga ƙofa ɗaya, kullum zuciyarta a hannu take. Kifin tuna ba shi da fasfo, yana bin ɗumin ruwa ne. Shekarar da yanayin teku ya koro shi wajen Kiribati, baitulmali ya cika. Shekarar da ya yi yamma, sai a riƙe baki. Masana kuma sun yi gargaɗi cewa ɗumamar yanayi za ta riƙa tura kifin gabas, zuwa tsakiyar tekun da ba mallakin kowa ba, inda babu wanda za a biya lasisi. Ga wani misali da ke nuna yadda dogaro da ƙofa ɗaya ke ɗaure hannu. A 2015 Kiribati ta rufe wani yankin tekunta mai faɗin murabba'in kilomita kusan dubu 400, wajen Tsibiran Phoenix, ta hana kamun kifin kasuwanci a ciki don kare halittun ruwa. Duniya ta yi ta tafa mata. A 2021 gwamnati ta ce za ta sake buɗewa, saboda asarar kuɗin ta yi yawa.

Wannan labari bai yi muku kama da wani da kuka sani ba? Mu ma ai ƙofa ɗaya muke kallo. Duk ƙarshen wata ana zama a Abuja a raba kuɗin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi su karɓi kasonsu. Da farashin mai ya faɗi a 2015 da 2016, jihohi da dama suka kasa biyan albashi, sai da gwamnatin tarayya ta kai musu ɗauki. Bambancin shi ne, shi kifi yana haihuwa in an bar shi, mai kuwa in ya ƙare ya ƙare.

Su ma sun san zafin arziki mai ƙarewa. Kafin kifi, Kiribati da maƙwabciyarta Nauru suna da ma'adinin fosfet, wanda ake takin zamani da shi. Na Kiribati, a tsibirin Banaba, ya ƙare a 1979, shekarar da suka samu 'yancin kai. Abin da ya cece su shi ne tun 1956 aka buɗe asusun ajiya ana zuba wani ɓangare na kuɗin, kuma asusun yana nan har yau. Ita Nauru a shekarun 1970 tana cikin ƙasashen da mutanensu suka fi kowa kuɗi a duniya. Aka yi ta facaka, aka zuba kuɗi a jarin da bai ɗore ba, har da wani wasan kwaikwayo a Landan da ya faɗi warwas. Da ma'adinin ya ja baya, ƙasa ta tsiyace. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

To, mu baro teku mu dawo gida. Wani zai ce mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da wannan? Ai tunanin da ya sa tsarin nasu ya yi aiki, wato a hana shiga ruwa sai da izini kuma a ƙayyade lokaci, kakanninmu sun san shi tun kafin a haifi waɗannan ƙasashe. Sarautar Sarkin Ruwa me aka yi ta don shi? Ku dubi Argungu. Matan Fada ruwa ne da ake hana su a cikinsa har sai ranar biki, shi ya sa in an buɗe ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru suke ɗagawa. Bikin a yadda muka san shi yau ya faro ne a 1934, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A nan gabashin jiharmu, fadamun Haɗeja zuwa Nguru, an daɗe da al'adar rufe tafki bayan ruwa ya janye, sai mai iko da ruwan ya ba da izini a shiga.

A zamanance ma an gwada. A tafkin Kainji, wanda ya taɓa jihohin Neja da Kebbi, an yi wani shiri na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus a shekarun 1990. Aka ƙidaya masunta da jiragensu da kayan sunsu, aka fito da lasisi, aka hana tarun da ke kwashe 'ya'yan kifi, kuma aka sa sarakunan ruwa a cikin aikin maimakon a tsallake su. Su ne suka san kowane masunci da sunansa da gidansu.

Akwai kuma misali mai ɗaci. A tsibiran Tafkin Chadi, inda hukuma ta ja baya saboda rikici, 'yan ta'adda ne suka koma suna karɓar haraji a hannun masunta kafin su bar su su shiga ruwa. Kuɗin kifin da ya kamata ya gina Baga ya koma sayen makami. Kuɗin ruwa ba ya zama babu mai karɓa. In hukumar da ke da alhaki ba ta tsara shi a fili ba, wani zai tsara shi a ɓoye.

Yanzu ga namu. A Kazaure muna da dam ɗin Muhammadu Ayuba, muna da na Dambo. Muna da Kogin Gari da aikin noman ranin da ya shafi Roni da Kazaure. A Gwiwa da Babura akwai fadamu da tafkunan da ke riƙe ruwa bayan damina. Akwai gidajen da tukunyarsu ba ta hawa murhu sai an fito da karfasa da tarwaɗa daga waɗannan ruwaye: masunci, da mai saye a bakin ruwa, da matar da ke suya, da mai banda, da yaron da ke talla a tasha. Kuma kasuwa tana nan tana jira. Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan ba. Shi ya sa kifin ƙanƙara da aka ɗauko daga wata uwa duniya yake isowa har kasuwannin ƙauyukanmu.

Amma a nan sai mun yi hattara, kuma ina so masu riƙe da madafun iko da ke bibiyarmu su ji wannan da kyau. A Kiribati, wanda ke biyan lasisi baƙo ne, kamfani mai jirgin miliyoyin daloli. A Kazaure, wanda zai biya talaka ne mai gora da koma, ɗan gari, wanda wataƙila ubansa ma a ruwan ya tsufa. Duk wanda ya saurari shirin nan ya ce yauwa, an samu sabuwar hanyar kuɗin shiga, a tura yara bakin dam da rasit, wallahi bai fahimce ni ba.

Mu yi lissafi na misali. A ce dam yana da masunta 200, kowa ya biya naira 5,000 a shekara. Naira miliyan ɗaya ke nan. A tsadar yau ko aji ɗaya na firamare ba za ta gina ba. Kenan in don cika baitulmali ne, wahalar ta fi ribar. Amfanin lasisi a ruwa irin namu yana wani wajen. Da shi ake sanin mutum nawa ne ke shiga ruwa. Da shi ake cewa ga girman idon raga da aka yarda da shi, don ƙaramin kifi ya wuce ya girma ya hayayyafa. Da shi ake hana masu su da gidan sauro, da masu zuba guba irin gamalin a ruwan da mutane da dabbobi ke sha, abin da ya lalata ruwaye da yawa a ƙasar nan. Da shi ake cewa daga wata kaza zuwa wata kaza, lokacin da kifi ke ƙwai, kowa ya jingine komarsa. Wanda ya karya, a karɓe takardarsa. Ribar tana fitowa ne a cikin kwandon masunci bayan shekara biyu ko uku, lokacin da karfasar da yake kamawa ta koma mai cika faranti.

Ita kuma miliyan ɗayar, ga Kazaure ƙarama ce, amma ga dam ɗin kansa babba ce, in ta koma cikinsa. A sayi 'ya'yan kifi a zuba. A biya masu gadin ruwa daga cikin 'ya'yan masuntan. A gyara wurin saukar da kifi. A sayi rigunan kariya daga nutsewa, don mun sha jin labarin kifewar kwalekwale a jihar nan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In ka karɓi kuɗin masunci, ya ga aikin kuɗinsa a bakin ruwa, ba sai ka bi shi da sanda baɗi ba.

Darasin haɗin kan nan ma namu ne. In aka tsaurara doka a dam ɗaya aka bar na kusa da shi sakaka, mai haramtacciyar raga zai naɗe kayansa ya hau babur ya koma can. Ruwan Gari ma daga ɓangaren Kano yake gangarowa, bai san iyakar jiha ba. Dole Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura da maƙwabta su yi magana da murya ɗaya: idon raga ɗaya, lokacin hutu ɗaya, hukunci ɗaya. In ƙasashe takwas da teku ya raba da dubban kilomita sun iya, mu da muke haɗuwa a kasuwa ɗaya da ɗaurin aure ɗaya ba mu da uzuri.

To mu matasa, mene ne namu a ciki? Na farko, mu koyi karanta kasafin kuɗi. Jihohi yanzu suna sa nasu a intanet, kuma a tsarin rubuta kasafi na gwamnatocin Najeriya akwai layi na musamman na kuɗin izinin kamun kifi. Ka sauke na Jigawa, ka nemo layin, ka ga nawa aka yi hasashe, nawa aka ce an tara. Na biyu, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne kai tsaye, kansilanka ba shi da inda zai ɓuya. Ka tambaye shi cikin ladabi: masunta nawa ne ke da rajista a mazaɓarmu, wa ke karɓar kuɗin ruwa, ana ba da rasit, kuma ina kuɗin ke zuwa? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 an yi ta ne don irin wannan tambaya.

Na uku, kuma wannan na ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu ne da sauran masu neman abin da za su rubuta a aikin kammala karatu. Maimakon a kwafo abin da wani ya rubuta a kan wani gari da ba ka taɓa zuwa ba, ɗauki littafi da sikeli ka je bakin dam da sassafe, wata uku a jere. Rubuta mutum nawa suka shiga, da wane irin kaya, kilo nawa suka fito da shi, wane irin kifi, nawa aka saya. Ka fara da gaishe da Sarkin Ruwa da dattawan masunta, ka nemi izininsu, ka zauna ka saurare su, don sun san ruwan fiye da kowane littafi. Abin da ya ba mutanen Fasifik ƙarfin kallon Amurka su ce ba ka shiga sai ka biya, shi ne sun san abin da ke cikin ruwansu da alƙaluma. Wanda bai san yawan kayansa ba, kowane farashi aka yi masa tayi sai ya ga kamar an yi masa alheri.

Ina kuma roƙon 'yan uwanmu 'ya'yan masunta da ke cikin wannan zaure, ku yi magana. Ku ne kuka san ko kifin da iyayenku ke kamawa a yau ya kai na shekara goma baya, ku ne kuka san abin da ake karɓa a bakin ruwa da wanda ke karɓa. Ku rubuto mana a ƙasa, da sunan garinku da ruwan da kuke su a ciki, ba sai kun ambaci sunan kowa ba. Abin da kuka aiko da shi za mu tattara mu karanta a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.

 A tura wa wani, musamman kansila in kana da lambarsa. Allah ya albarkaci ruwayenmu da masu nema a cikinsu, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.